Kurɓin Farko

Litinin, 7 ga Oktoba, 5:50 na safe. Garin Wa.

Kwana tara.

Ashe da gaske akwai ƙarfe shida na safe. Na sha rubuta ta a jadawalin ɗalibai, amma ban zaci haka take ba. Haske ja-ja a kan kwanon rufin maƙwabta, zabin wani suna ta rigima a bayan katanga, wata mata na shara tana rera waƙar coci da muryar da Allah bai ba ta ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallo, baki buɗe, mace mai digiri biyu.

Sai na tuna ɗakin 'yata Zunuo babu kowa. Na tashi na koma ciki. Ban ga ta inda na cancanci safiya mai kyau ba.

Talata, 8 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Wannan ce sa'ar. Da wannan lokacin nake dawowa daga kwaleji, in ajiye jaka, in ce bari in ɗan huta. Jikina bai samu labarin an sauya tsari ba. Hannuna sai ya nufi bayan buhun shinkafa da kansa, inda nake ɓoye kwalbar giya, ya tarar ba komai, ya dawo.

Kwaleji ta ba ni hutu. Takardar ta ce "domin kula da lafiyar iyali". Wanda ya tsara wannan jimla ya cancanci ƙarin girma. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da malamai halayyar ƙananan yara: yadda yaro ke yarda da babba, da yadda yardar ke karyewa. Ina da darasi guda a kan haka, mako na shida. Ɗalibai suna son sa ƙwarai.

Na wanke kayan da suke a wanke. Shida ta yi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 7:15 na safe

Yunwa ta tashe ni. Yunwa ta gaske, ba tashin zuciya ba. Na ɗauki kwano na tafi wurin Adisa mai koko a bakin mararraba. Shekara shida ina wuce ta a mota.

"Lale, Malama! Yau da kanki? Ko motar ce ta mutu?"

"Motar lafiya lau. Ni ce na farfaɗo."

Ta dube ni, kallon wadda ta ji labari. Duk garin ya ji. Ta zuba koko, ta ƙara ƙosai biyu a kan wanda na ce.

"Ki ci da zafinsa. Kin rame kamar maburgi. Yarinya fa?"

"Tana wurin gwaggonta."

"To. Gwaggo ma uwa ce," in ji ta, ta juya ga mai bi mini. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma saboda haka zan riƙa zuwa.

Kokon akwai citta da kanumfari da ɗan barkono a ƙarshen harshe. Ban san ana sa kanumfari ba. Na suɗe kwanon da yatsa. Na rubuta wannan ne don in ga ko zai yi ƙasa da kunya a kan takarda. Bai yi ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Asabar. Ban fita ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, 11:30 na safe

Na je coci, na zauna a bencin baya wurin masu jarirai da masu latti. Zunuo tana layi na huɗu tare da Yaya Scholastica, yayar mijina, wadda ke riƙe da ita tun daga asibiti. An yi mata kitso sabo. An ja shi da yawa ta gefen kunne, ba ta son haka, amma ba za ta faɗa ba. Shekararta takwas kuma ba ta taɓa musa wa babba ba. Ni na koya mata.

Bayan an tashi na tsaya gindin darbejiya. Yaya Scho ce ta zo, ita kaɗai, da jakarta a gaba kamar garkuwa.

"Madam. Kin zo."

"Na zo, Yaya. Ya jikinta?"

"Tana ci, tana barci, tana zuwa makaranta." Ta matso kusa da ni fiye da yadda gaisuwa ke bukata. Ma'aikaciyar jinya ce, hancinta ma ya yi karatu. Na bar ta ta shaƙa. "Hm," ta ce.

"Kwana goma sha biyar."

"Ni ba lissafi na tambaye ki ba. Ni na riƙe mata robar nan a hanci, Faustina. Ke kina kan benci a waje, ba ki ma san sunan unguwar da kike ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya fi ci mini rai da Yaya Scho ke nan, ba ta ƙarya.

Zunuo ta ɗago mini hannu daga cikin mota. Rabin ɗagawa.

Laraba, 16 ga Oktoba, 1:00 na rana

Mijina Cletus ya kira daga Kumasi. Yana magana da ni yanzu da muryar da yake yi wa masu kawo kaya a wurin aikinsa, a hankali, da ladabi.

An tsayar da rana. Tara ga Nuwamba, a Nandom, gidan Mma, tunda al'ada ta ce dangin miji ne ke takowa gidan uwar mace idan magana ta yi nauyi. Baffa Dery, wan mahaifinsa, shi zai yanke: ko Zunuo ta dawo hannuna, ko ta zauna wurin Yaya Scho ta zama tata.

"Kai me ka ce?" na tambaye shi.

"Ni abin da Baffa ya ce."

"Na san abin da za ka ce ke nan. Ina tambaya me ka ce."

Ina jin ƙarar injin bayansa. "Fausti, ki zo kawai da hankalinki."

Juma'a, 18 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Na gano maganin ƙarfe biyar: lemo. In saya guda huɗu, in zauna da wuƙa in fere ɓawon a zare ɗaya ba tare da ya tsinke ba. Yana cin minti goma kowanne idan aka yi da natsuwa. Ƙamshin na tsalle ya shiga ido. Yau na uku bai tsinke ba, na ɗaga shi sama ina neman wanda zan nuna wa.

Ina neman wuƙar ne na ci karo da shuɗiyar gorar a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Wani ya dawo da ita daga mota. Gorori biyu ne iri ɗaya, na saye su rana ɗaya, tawa da tata. Akpeteshi, giyar nan mai ƙarfi, ba shi da launi, shi ya sa na zaɓe shi. Ina alfahari da wannan dabara a lokacin.

Ban jefar ba. Ban taɓa ba. Na rufe ƙofar kabad ɗin.

Talata, 22 ga Oktoba, 6:30 na safe

Na karanta shafi ashirin jiya, kuma yau na tuna abin da ke ciki.

Asabar, 26 ga Oktoba, 3:40 na yamma

Yaya Scho ta ba ni awa ɗaya a falonta, ita tana zaune a kujerar ƙofa tana duba wayar da ba ta kunna ba.

Na kai zoɓo. Da hannuna na dafa, da abarba da citta, yadda Zunuo ke so, na sa a firji tun jiya. Mun yi hira. An ba ta rawar tunkiya a wasan Kirsimeti, ta so mala'ika. Haƙorinta na gefe yana girgiɗi, ta bar ni na taɓa. Na zuba zoɓon a kofi na miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu, yadda na koya mata. Ta kai hanci. A hankali ta yi, don kada in gani. Sannan ta ajiye a kan tebur, ta gyara shi ya zauna daidai tsakiyar faifan.

"Na ƙoshi, Mama. Na gode."

Yaya Scho ta ci gaba da duba wayarta. Da ta yi magana da na samu wanda zan tsana.

A hanyar gida na tsaya gaban shagon da na saba. Mai shagon har ya miƙa hannu wurin da ya san ina nufa. Na ce ashana. Ina da ashana kwali goma sha ɗaya a gida yanzu, in ana bukata.

Kwana ashirin da takwas.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ta gyara kofin. Abin da na kasa mantawa ke nan. Ta gyara shi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 6:30 na yamma. Nandom.

Na iso gida. Mma tana tsakar gida tana juya tsiron dawa a kan tabarma. Shekara arba'in tana dafa pito, giyar dawa, da shi ta kai ni jami'a, kuma ba ta taɓa barin in manta ba.

"Farfesa ta sauka! A kawo kujera mai hannu!"

"Mma, ina wuni."

"Da ban wuni ba kya gan ni? Zo nan in gan ki." Ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama kamar akuyar kasuwa. "Idonki ya yi fari. Yanzu kika koma kama da ubanki. Zauna ki ɓare gyaɗa, hannun da ba ya aiki shi ke ɗauko magana."

Na ɓare tiya guda. Sabuwar gyaɗa, da sauran danshin ƙasa a jikinta, zaƙi kamar madara. Yatsuna sun yi ciwo. Awa biyu ban yi tunanin komai ba sai gyaɗa, biyar ta wuce ban ji wucewarta ba.

Warin gidan nan kuwa, shi ne warin ƙuruciyata. Shi ne kuma ɗayan abin.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 10:00 na safe

Mma ta ɗora manyan tukwane. Na Baffa Dery daban take dafawa, ba na sayarwa ba.

Ina tura mata itace ta ce, kamar maganar gishiri, "Ƙwaryar kakarki za ki ɗauka ranar. Ki durƙusa sosai, ki cire masa dafi, ki miƙa da hannu biyu. Kada ki yi mini irin ta 'yan boko, a tsaye."

Ban san yadda aka yi na manta ba. Ni da na tashi a gidan nan. Ba a miƙa wa mutum ƙwaryar pito sai mai miƙawa ya fara kurɓa a gabansa, ya haɗiye, a ga maƙogwaronsa ya motsa. Cire dafi ke nan. A ranar kasuwa wasa ne. A zaman sulhu ba wasa ba ne: matar da ta ƙi kurɓa ta ce wa dangin mijinta cikinta ba ɗaya ba ne da su. An tashi zama a kan abin da bai kai wannan ba.

"Mma, ba zan iya sha ba."

"Wa ya ce ki sha? Kurɓa na ce."

"Ko kurɓar."

Ta ajiye muciya. "Ke, pito abinci ne. Dawa ce da ruwa. Wancan fitsarin shaiɗan da kike ɓoyewa a gora shi ne giya. Ni na taɓa faɗuwa a hanya? Kin taɓa ganin na manta ɗana a wani wuri?"

"Ban manta ta ba, Mma."

"To me kika yi? Kullum 'abin da ya faru, abin da ya faru'. Ruwan sama ne da zai faru?"

Na tashi na tafi ɗebo ruwa. Randa cike take.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 2:15 na rana

Bari in rubuta don kada gobe in yi wa kaina wayo. Shekara uku da suka wuce na daina, wata biyar cur. A makokin Kawu aka ba ni ƙwarya in kai wa baƙi. Kurɓa ɗaya, don al'ada. Ban bugu ba ranar, ban bugu ba washegari. Ranar Laraba na sayi ƙaramar kwalba don in tabbatar wa kaina na warke.

In na kurɓa jibi, Baffa zai ji daɗi, Yaya Scho za ta ga maƙogwarona ya motsa, ni kuma na san Larabar da ke tafe. In na ƙi, na zagi tsoho a gaban mutanensa. Ta ko'ina Zunuo na wurin gwaggonta.

An yi yayyafi, wataƙila na ƙarshe a bana. Na tsaya a ciki. Ƙamshin ƙasa ya tashi, na ji daɗinsa, na ji haushin jin daɗin.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Mma ta wanke ƙwaryar ta kife a kan danga. Ba ma magana.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Sun tafi. Zan rubuta yadda ya gudana.

Sun iso da hantsi: Baffa Dery da sandarsa da rigar saƙi, Cletus a bayansa, Yaya Scho, da wasu tsofaffi biyu da aka kawo don su gyaɗa kai. Ba a zo da Zunuo ba. Aka zauna gindin mangwaro. Aka gaisa, aka tambayi gona, aka tambayi awaki, aka tambayi gwiwar Mma. Sannan Mma ta dube ni.

Na cika ƙwaryar. Da ɗuminsa, yana kumfa, ƙamshin ya hau mini kai kamar an kira sunana. Na durƙusa gaban Baffa. Na riƙe. Na ci gaba da riƙewa.

"Matarmu," ya ce, "ko sai na aiko miki da takarda?"

Tsofaffin suka yi dariya. Mma ta ce ƙasa-ƙasa, "Faustina."

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa tsakanina da shi. Na ji Mma ta ja numfashi.

"Baffa, ba zan kurɓa ba. Ba don cikina da wani abu game da ku ba. In na kurɓa yau, kafin sati na koma inda na fito. Na gwada, na sani."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani. A gidan nan aka haife ni."

"To me zai sa in yarda da abin da ke hannunki?"

Na shirya jawabi tun a garin Wa, mai sassa uku. Ban ga ko ɗaya ba. Abin da ya fito shi ne:

"Kada ka yarda. Ni na miƙa mata gorar. Ba ɗauka ta yi ba, yadda aka gaya muku. Ta ce ƙishirwa take ji, na miƙa mata ban duba ba. Ta ce Mama da ɗaci, na ce ta shanye ta daina damuna."

Cletus ya rufe fuska da hannu. Shi ya ƙirƙiro cewa yarinya ce ta ɗauka da kanta, don ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi. Kwana arba'in da biyu na bar 'yar shekara takwas ta ɗauki rabin laifin.

Wata kaza ta zo ta leƙa ƙwaryar, Mma ba ta ko kore ta ba.

Yaya Scho ce ta fara magana. "Zunuo ta gaya mini tun a asibiti," ta ce. Ba ni take kallo ba. "Jira nake in ji ko za ki faɗa."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙwaryar, da baƙin cikin mutumin da ya yi tafiyar mil bakwai saboda ita. Sannan ya ce, "Akwai ruwa a gidan nan, ko duk kun dafa shi?"

Na kawo daga randa, a moɗa. Na durƙusa. Na kurɓa, na haɗiye. Sanyi, da ɗanɗanon yumɓu. Ya karɓa ya sha.

"Shekara saba'in da wani abu," ya ce, "ban taɓa sulhu da ruwa ba. Kada a ji wannan a gari." Ya juya ga Mma. "Ke kuma, 'yar'uwa, kin zuba ido pito na hucewa? Cire mini dafin da kanki, in mun mutu mu mutu tare."

Mma ta kurɓa. Kurɓar da ta yi ta kai rabin ƙwarya.

Hukunci: Zunuo na nan wurin Yaya Scho har ƙarshen zango. Asabar tawa ce, daga safe zuwa biyar. Bayan Kirsimeti a sake zama, kuma a tambayi yarinyar da bakinta. Ba abin da na zo nema ba ke nan. Ya fi abin da na cancanta, kuma ina ƙoƙarin daina auna komai da wannan ma'auni.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 8:00 na safe

Mma ta cusa mini gyaɗa da daddawa a jaka. "Kin kunyata ni gaban baƙi," ta ce. Ta ƙara ƙulli guda. "Ki riƙa cin abinci."

Asabar, 16 ga Nuwamba, 5:40 na yamma. Wa.

Yaya Scho ta kawo ta bakwai daidai, ta ce biyar daidai, ta nuna mini agogo kamar ban taɓa ganin irinsa ba.

Mun taka zuwa wurin Adisa. Adisa ta ce, "A'a, wace babbar baƙuwa ce wannan? Malama, ƙanwarki ce?" Zunuo ta yi dariya, haƙorin ya fita, akwai giɓi. Mun dawo da kokon gida. Na nuna mata feren lemo, nata ya tsinke sau huɗu, ta ce wuƙar ce. Mun yi atisayen kukan tunkiya. Tana da layi ɗaya a wasan kuma ta ɗauke shi da muhimmanci.

Na gaya mata abin da na gaya wa Baffa. Gajere. Na ce ba laifinta ba ne ko kaɗan, ko ɗigo. Ta ce, "Na sani," tana kallon ɓawon lemo. Sannan, "Baba ya ce kada in faɗa." Na ce yanzu kowa ya faɗa.

Da rana ta yi zafi ta ce ƙishirwa take ji. Na ɗebo ruwa daga randa a kofi. Na tsaya da shi a hannu, ban san yadda ake yi ba.

Ta dube ni, ta dubi kofin.

"Ki cire mini, irin na gidan Kaka."

Na durƙusa, don ta gani sosai. Na kurɓa. Idonta na kan wuyana har na haɗiye. Ta karɓa da hannu biyu ta shanye tas, tana numfashi cikin kofin yadda yara ke yi, ta goge baki da bayan hannu.

"Ƙara," ta ce.

Na ƙaro. Na kai kofin bakina, sai ta riƙe mini hannu.

"Mama, kin riga kin cire. Randa ɗaya ce fa."

Kwana arba'in da tara.